Bayan Kalankuwa: Littafin Aikin Gayyarmu

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2024

Jiya da dare aka tashi daga kalankuwar bana. An yi dambe, an yi kokawa, makaɗa sun cika aljihu. Buzayen da ke kawo raƙuma kasuwar Maigatari ma sun zo sun yi mana sukuwa ranar Juma'a bayan la'asar. Baƙi daga Gumel, Sule Tankarkar da Ɓaɓura, har da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka ta wajen Dungas da Magarya. Yau da safe kowa ya kama gabansa, aka bar mu da fili.

Filin nan ba na gari ba ne. Gonar wani dattijo ce a arewacin gari, yake ba da aronta duk shekara in an kwashe gero da wake. Rairayi ne zalla, abin da ke riƙe ta kawai shi ne shanun Fulani da ke sauka a cikinta da rani, su ci ragowar kara, su kwana su bar taki. To bana Ardo ya aiko cewa shanunsa ba za su taka gonar ba, domin bara leda ta kashe masa maruƙa biyu. Shi kuma mai gona ya ce muddin shanu ba su kwana a gonarsa ba, kalankuwar baɗi a nemi wani wuri.

Na zaga da hantsi. Ledar ruwa ko'ina, ɓawon rake, tsinken tsire, fasassun kwalabe, mataccen batir, ƙusoshin rumfa, silifa wari-wari. Iska har ta fara kwasar leda tana rataye ta a ƙayar magaryar da ke kan iyaka.

Samari sun ɗora mini riƙe lissafi tunda ni ne malamin makaranta. Zan riƙa sa shi a nan domin 'yan garinmu da ke Kano, Legas da Fatakwal su ga inda kuɗinsu ke shiga.

Talata, 26 ga Nuwamba

An zauna a ƙofar gidan Dagaci bayan isha'i. Akwai Liman, Sarkin Noma, Sarkin Samari, mai gona, da uwar adashin mata.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse, wanda ya zo gida kallon dambe, shi ya kawo zancen wani biki da ake yi a Amurka, Burning Man. A 1986 aka fara shi a bakin teku a San Faransisko, 'yan mutane kaɗan suka taru suka ƙona wani mutum-mutumin katako. A 1990 suka koma hamadar Black Rock a jihar Nebada. Yanzu mutum wajen dubu 70 ke taruwa daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, su kafa gari sukutum na tantuna a kan wani busasshen tafki da ko ciyawa ba ta fita, su kakkafa manyan sassaƙe-sassaƙe, su cinna wa wasu wuta, sannan su watse. Ba ciniki a ciki in ban da ƙanƙara, kuma ba kwandon shara ko ɗaya. Abin da ka shigo da shi, kai za ka fita da shi.

Liman ya kalli bidiyon bai fi minti guda ba ya miƙo wayar, ya ce, “Malam, wannan ai taron shagala ne.” Ban yi masa musu ba, domin gaskiyarsa ce: shaye-shaye da tsiraicin da ke wurin ba abin da za mu ɗauka a ciki. Sai yaron ya ce, “Allah gafarta Malam, a duba na biyun.” A na biyun an riga an watse, ba kiɗa ba fitila, sai mutane sun jeru a layi ɗaya, kowa da ɗan bokiti, suna tafiya a hankali suna tsince ƙasa. Makonni suke yi a haka. Filin na gwamnatin tarayyarsu ne, kuma a watan Oktoba ma'aikatan hukumar filaye ke zuwa su duba. Ƙa'idar ita ce sharar da ta rage kada ta wuce murabba'in ƙafa ɗaya a kowace eka, in ta wuce, izinin baɗi na cikin haɗari.

Sarkin Noma ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan layin gayya ne. Haka muke shiga gona a noman fari.” Daga nan zancen ya sauƙaƙa. Dagaci ya yanke: Asabar gayya, da makaɗi da abinci kamar yadda aka gada. Mai duba aiki kuma Ardo ne, in ya ce bai yi ba, bai yi ba.

Kuɗin da ke hannu: ragowar kwamitin kalankuwa ₦18,500, Dagaci ₦10,000, 'yan garinmu na Kano ₦25,000. Jimla ₦53,500.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mutum 63 suka fito. Muka ja layi daga gabas, iska a bayanmu, tsakanin mutum da mutum tsawon hannu. Makaɗi na biye da ganga, in ya tsaya kowa ya tsaya a daidaita layi, domin samari masu gaggawa kan yi gaba su bar rata, a ratar nan kuwa shara ke tsira. Mun lura idon yara ya fi namu ganin ƙananan abubuwa, sai muka riƙa sa yaro ɗaya tsakanin manya biyu.

Mai gyaran rediyo ya ba mu mayen ƙarfe guda uku da ya ciro daga tsofaffin lasifika. Muka ɗaura musu igiya, yara na ja a inda aka kafa rumfuna. Ja ɗaya sai ka ɗago shi ya yi gashi-gashi da ƙusa, murfin lemo, guntun reza da allurar ɗinkin buhu, abubuwan da da ido ba za ka taɓa gani ba don rairayi ya rufe su. Yaran har faɗa suke a kan wanda zai ja.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, malamin daji muke ce masa, ya roƙa a ware ledar ruwa daban, kada a haɗa ta da baƙar leda. Ya ce zai yi bayani daga baya.

Kashi ɗaya cikin uku na gonar muka ci kafin azahar. Matan gidaje suka aiko da dambu da zogale.

An kashe: buhuna 40 ₦6,000, abinci ₦14,000, makaɗi ₦3,000, hayar amalanke ₦2,000. Saura ₦28,500.

Litinin, 2 ga Disamba

Bayan an tashi makaranta, ni da 'yan aji shida mun rarraba abin da aka tara: ƙarfe, gwangwani, roba, leda.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ranar kasuwar Maigatari. 'Yan gwangwan sun sayi ƙarfe, gwangwani da silifa ₦7,200. Na sayo manjagara biyu ₦5,000.

Na dawo na tarar an yanka akuyar Gwaggona. Ta daɗe tana ramewa, ciki ya kumbura, ga ci ba ta yi, aka ga gara a yanka kafin ta mutu mushe. Ina tsaye mahauci ya farke tumbin. Ya sa hannu ya zaro wani dunƙule baƙi-ƙirin, ya murɗe ya yi tauri, leda ce da igiyar buhu da guntun soso, sun cika kwanon sha. Ya ce wannan ba komai ba ne a kan abin da yake cirowa daga cikin shanu. Gwaggo ta tsaya tana kallo, can ta ce, “Ɗan nan, ashe da cikinta cike take mutuwa da yunwa.”

Sarkin Samari ya wanke dunƙulen ya soke shi a sanda ya kafa a dandali. Ba wanda ya yi wa kowa wa'azi.

Asabar, 7 ga Disamba

Jama'a sun fi na makon jiya yawa, har da tsofaffin mata da 'yan mata, kuma na tabbata akuyar Gwaggo ce ta gayyato su. Amma yau ranar ba ta zo mana da daɗi ba.

Tun hantsi iska ta taso da hazo, na wannan bakin layi ba ya hango na wancan. Kafin sha ɗaya buhuna suka ƙare, sai aka riƙa zuba baƙar leda a wani rami da ke yammacin gona, ana danne ta da kara. Muka tafi sallar azahar da cin abinci. Wasu yara uku da aka bari gadi suka ga iska na ɗagawa tana watsa abin da aka sha wahalar tarawa, sai suka yi shawara a tsakaninsu suka ƙyasta ashana.

Muna alwala muka hango baƙin hayaƙi. Kafin mu iso, iska ta ɗauki leda mai ci da wuta ta jefa a tarin karan maƙwabcin gona, wanda ya ajiye don danga da abincin dabbobi. Rijiya da nisa, sai rairayi da ɗanyen reshen darbejiya muka yi ta bugu da su. Allah ya taimaka ba rumbu a kusa. Rabin tarin ya tafi. Hayaƙin kuwa ya bi ta kan gari, wata tsohuwa mai ciwon asma sai da aka kai ta ɗakin shan magani. A ramin kuma ledar ta narke ta haɗe da rairayi ta zama wani baƙin ɓawo mai tauri, wanda ya fi ledar kanta wuyar kwashewa.

Ƙanena ya ce mutanen Nebada, duk da ƙone-ƙonen da suke yi, sai sun shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashin abin da za su ƙona domin kada wuta ta bar tabo a ƙasa. Yau na ga dalilinsu.

Maƙwabci ya kai ƙara. Dagaci ya sa aka yi wa karan kuɗi ₦12,000, iyayen yaran rabi, asusu rabi. Wasu suka ce a kori yaran daga gayya, Dagaci ya ƙi, ya ce horonsu su fasa ɓawon nan da fartanya su kwashe shi tas. An kafa doka: ba wuta a fili, leda sai a buhu a ɗaure baki, kuma a ranar amalanke zai kai ta tsohon shagon da ke bayan makaranta.

Abinci ₦9,000, diyyar kara ₦6,000. Saura ₦15,700.

Laraba, 11 ga Disamba

Tun 2006 masu bikin Nebada ke fitar da taswirar garinsu bayan an gama tsintar, kore inda aka bari da tsabta, rawaya tsaka-tsaki, ja inda aka yi ƙazanta, kowane zango ya ga matsayinsa. Abin ya burge ni, na zana tamu a bayan kwali. Ja ya faɗa kan layin masu tsire, masu rake, masu ruwan leda, da wani lungu bayan kuka inda 'yan karta suka ɓuya. Kore kuwa wurin masu fura ne da zangon Buzaye. Su Buzayen ko guntun igiya ba su bari ba, tokar shayinsu ma sun binne ta. Mutumin da ya saba tashi daga zango ya san wata rana zai dawo ya sauka a wurin.

Niyyata in kafa kwalin a dandali. Dagaci ya duba ya daɗe, sannan ya ce, “Malam, in ka kafa wannan, ba shara za ka kwashe ba, gaba za ka shuka.” Aka bi ta hannun Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa, aka kira su ɗaya bayan ɗaya aka nuna musu a zaure. Sun haɗa ₦8,000. Masu rake sun ƙi ba da ko sisi, babbansu ya ce ɓawon rake ruɓewa yake ya zama taki, ba ya kashe dabbar kowa. Na goge musu jan, hujjarsa ta fi tawa.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun gama bi ta uku da safe, Ardo ya zo da la'asar shi da ɗansa, sanda a kafaɗa. Mun so mu zagaya da shi ta inda muka fi gyarawa, bai ko kalle mu ba. Ya miƙe tsakiyar gona, ya tsaya inda ya ga dama, ya tona da sanda, ya yi gaba. A inda masu tuya suka kafa murhu ya durƙusa ya sa hannu cikin toka, sai ga leda a binne, ta sha mai. A da'irar dambe ya tono gilashin kwalba da batir biyu da suka fashe.

Ya karkaɗe hannu ya ce, “Malam, sama ta yi kyau. Amma saniya inda gishiri da mai suka zuba, nan take tonawa ta lasa.” Ya juya ya tafi.

Ran samari ya ɓaci ƙwarai, wani har ya ce dama can Ardo ba ya son zuwa, dalili yake nema. Ni ban ga haka ba. Mutumin da saniyarsa ɗaya ta fi duk abin da muka kashe tun fara aikin nan sau da yawa, yana da haƙƙin ya tona. Sarkin Samari ya lallashe su. Za mu aro rariyar magina mu tace rairayin wuraren nan biyu, zurfin tafin hannu.

Kunu ₦2,500.

Talata, 17 ga Disamba

Tacewa da yamma, mutum tara. Gilashi ya yanki yaro ɗaya a yatsa, an wanke an ɗaure. Daga yau manya ne kawai a kan rariya.

Asabar, 21 ga Disamba

Ardo ya dawo, ya tona wurare da dama, ya ce gobe da yamma shanu za su shigo. Mai gona ya kama hannun Sarkin Samari ya yi ta sa albarka. Goro da kunu ₦3,000. Saura ₦18,200.

Juma'a, 27 ga Disamba

Daren 'yan gayya. Masu bikin Nebada, makonni bayan an dawo daga hamada, sukan shirya ƙananan taruka a biranensu domin waɗanda suka yi wahala tare su sake haɗuwa, a kuma tara kuɗin ayyukan gaba. Mu ma mun ga in aka bar mutanen nan suka watse haka, sai wata kalankuwar.

Mai gidan kallon ƙwallo ya ba da aron talabijin da janareta kyauta, mai kawai muka zuba. Aka haɗa bidiyon damben bana da mutane suka ɗauka a waya aka nuna a dandali, aka biyo da hotunan gayya. Abin mamaki, hotunan gayyar sun fi damben tayar da shewa, kowa na neman kansa a layi, ana yi wa wanda aka kama yana zaune a inuwa tsiya. 'Yan mata suka yi gaɗa, yara suka yi langa, wata tsohuwa ta yi tatsuniya har manya suka yi tsit. Ardo ya aiko da ƙwarya biyu ta nono. Liman ya zo ya yi addu'a a farko, ya tafi kafin a fara kiɗa, yadda aka yi da shi.

An zagaya da faifai, an samu ₦41,300, har da abin da aka turo ta waya daga Legas. Fetur lita huɗu ₦4,600, shayi da burodi ₦6,000. Saura ₦48,900.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Garin ya yi shiru. Cikin kwana goma samari sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu noman rani a fadamar Haɗejiya. Daga cikin masu ƙarfin da muka fara da su, bakwai suka rage. Ba laifinsu ba ne, gero ba zai kai su damina ba in ba su fita ba.

Mun zauna a kan me za a yi da kuɗin da ya rage. Ƙanena ya turo mini labarin yadda a 2005, ana tsakiyar bikin Nebada, guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka, wasu daga cikin mahalarta suka ɗauki tantunansu da injinansu suka wuce Misisipi, suka yi watanni suna kwashe ɓaraguzan gidaje kyauta. Daga nan ƙungiyarsu ta agaji, Burners Without Borders, ta samo asali. Na karanta wa jama'a. Uwar adashi ta ce, “Malam, ba sai mun je Misisipi ba. Ga Iya can ɗakinta ya faɗi tun ruwan Agusta, a gidan maƙwabta take kwana.” Daminar da ta wuce ta yi ɓarna sosai a Jigawa, mu nan ba ambaliya muka gani ba, ɗakunan ƙasa ne suka jiƙa suka zube. Iya ba ta da ɗa namiji a kusa. Ba wanda ya ja da maganar.

Alhamis, 9 ga Janairu

An fara tubali a bakin kududdufi. Alaramma ya ba mu manyan almajiransa tunda Alhamis ba karatu, da sharaɗin a ciyar da su kuma kada a wuce azahar. 'Yan mata na kawo ruwa daga famfo, dattawa biyu na cuɗa ƙasa da ƙaiƙayi.

Asabar, 18 ga Janairu

Ginin Iya ya kai taga. Magini ₦12,000, azara ₦9,000, abinci ₦5,000. Saura ₦22,900.

Yau malamin daji ya buɗe zancen ledar ruwa. Gidan renon itatuwa yake so mu yi, ledar ta zama tukunyar dashe. A yanke bakinta, a wanke, a huda gindin wuri uku ko huɗu don ruwa ya tsiyaye. Daga abin da muka tara, kimanin 1,900 ne ba su yage ba. Ya ja kunnenmu cewa ledar ƙarama ce, in tsiro ya wuce wata uku zuwa huɗu a ciki saiwa za ta naɗe, don haka babbar shuka sai ƙarshen Maris, a dasa a Yuli in ruwa ya zauna. A Fabrairu gwaji kawai za mu yi da 300.

Na tambaye shi ko za mu nemi taimako daga shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, Jigawa kuma na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ya ce a rubuta takarda, ba laifi, amma kada mu zauna jira. A ganinsa dashe ba shi ne aikin ba, aikin shi ne wa zai kare itacen daga akuya a rani biyu na farko. Ya ce mu dubi manoman Maraɗi da Damagaram: tun shekarun 1980 suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture a gona, sai su zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu su sassabe sauran, gawon da ya rufe gonakinsu yau yawancinsa ba dasa shi aka yi ba. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya.

Mai gona na zaune yana ji. Ya ce bana in an zo sassabe zai bar tohon gawo da aduwa da ke gonar, mu zo mu ɗaura musu tsumma don 'yan ƙwadago su gane.

Asabar, 25 ga Janairu

Famfon tuƙa-tuƙa na unguwar yamma ya tsaya tun Laraba. Da shi muke ginin Iya, da shi kuma muka yi niyyar ban-ruwan gidan reno. Matan unguwa suka ce mu muka gajiyar da shi da ɗibar ruwan tubali, suka tare 'yan matanmu a bakin rijiya da magana mai zafi, har wata ta fasa tulu. Mai gyara ya zo daga Gumel, ya zaro bututu, ya ce robar ciki ta cinye kuma sanda ɗaya ta tsinke a mahaɗa, ya nuna mana tsatsar, ba ta wata guda ba ce. Duk da haka ba za a ce ɗibarmu ba ta ƙara masa nauyi ba. Kuɗin gyara ₦24,000. Mai unguwa ya so mu biya duka, uwar adashi ta tsaya aka raba biyu. An kuma yi ƙa'ida: mu ba za mu taɓa famfo ba sai bayan hantsi, in mata sun gama ɗiba.

Gini ya tsaya kwana huɗu. Saura ₦10,900.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An rufe ɗakin Iya, an yi yaɓe. Ta koma jiya. Wani ɗan garinmu a Fatakwal ya turo ₦15,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gidan reno a bayan makaranta, ƙarƙashin darbejiya, an kewaye da zana. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, an tace. 'Yan aji biyar da shida suka cika leda 300, aka jera su goma-goma.

Irin bagaruwa da na gawo ɓawonsu tauri gare shi. Daren jiya malamin daji ya tafasa ruwa, ya sauke, ya zuba a kansu, suka kwana a ciki, da safe muka zaɓi waɗanda suka kumbura. Wani irin gawon kuma yara suka tsinto daga kashin awaki a turke, ya ce wannan cikin akuya ya riga ya yi masa aikin. Aduwa an jiƙa ta an wanke zaƙin. Darbejiya sai an samu sabon iri, domin nata ba ya jure ajiya. Kowace leda ƙwaya biyu, zurfin gaɓar yatsa.

Butar ban-ruwa biyu ₦6,000, zana ₦4,000. Saura ₦15,900.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gawo ya fara leƙowa, bagaruwa kaɗan. Aduwa shiru.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Da safe ɗan ajin da ke da ban-ruwa ya zo da gudu. Layin aduwa an tone shi kusan duka, leda a kife, ƙwallon babu. Sawun da ke wurin na kurege ne, ga ramin da ya bi ta ƙarƙashin zana. Gawon da ya fito kuma ƙadangaru sun bi sun gutsure kan da dama, sai ɗan kara tsaye. Zana ta hana akuya, amma waɗannan ba ruwansu da ita. Na ƙirga: cikin 300, masu rai 164.

Malamin daji bai damu kamar yadda na damu ba, ya ce don haka aka yi gwaji. Mun sayo ragar waya ₦7,500, za a yi mata firam da ragowar azarar Iya a kifa a kan layukan, gefenta a binne cikin ƙasa. Ya ce kuma duk mako biyu a ɗaga kowace leda a sauya mata wuri, kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An kifa raga, an sake shuka aduwa. Ba a ƙara ɓarna ba.

Ana sa ran azumi ƙarshen makon nan, don haka an sauya jadawalin ban-ruwa: manya bayan sallar asuba daga randar da za a cika tun jiya, yara da yamma kafin shan ruwa. Gida shida suka karɓa, kowane gida kwana ɗaya, Juma'a ni.

Mun miƙa wa Dagaci shawarwarin kalankuwar baɗi a rubuce. Kowace rumfa ta ajiye ₦500, a mayar mata in ta bar wurinta da tsabta. Buhu a bakin kowace rumfa. Ba kwalba kusa da da'irar dambe. Gayyar shara kuma washegarin tashi, tun baƙi ba su gama tafiya ba kuma samari ba su fita ci-rani ba. Sarkin Fawa ya yarda, masu ruwan leda sun ce ₦500 ta yi yawa, masu rake sun ce su ba su cikin lissafi. Dagaci ya ɗage maganar sai bayan Sallah.

Baƙar leda buhu 31 na nan a shago, har yanzu ba mu sami mai saye ba, mai shagon kuma yana son wurinsa kafin damina. Wanda ya san masu narka leda a Kano ya yi mini magana. Saura a asusu ₦8,400. Abin da ke gaba: cika leda 1,600 a makon ƙarshe na Maris, da saran ƙaya don kewaye layin arewa na gonar, wanda zai ci hayar amalanke aƙalla sau uku.